Sa Injin Dizal na Hayis a Cikin Hilux: Inda Aikin Ke da Sauƙi da Inda Yake Cin Kuɗi

Duk wanda injin a-kori-kurarsa ya taɓa bugawa ya san maganar da ake tarbar mutum da ita a kasuwar kayan mota. Ko Ƙofar Ruwa ta Kano ka shiga, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo a Legas, da zarar ka ce injin dizal na Hilux kake nema, za a samu dillalin da zai ce maka: “Alhaji, na Hilux ya yi wuya yanzu, amma ga na hayis nan, ai duk abu ɗaya ne.” Ba ƙarya ya shara maka ba, sai dai bai gaya maka duka ba. Wani zai bi shawarar ya mori motarsa shekara da shekaru. Wani kuma tasa za ta share watanni a gareji, tayoyi su sace, kuɗi na ta zurarewa. Abin da ke raba su tun farko shi ne irin motar da kowannensu ya kawo, da irin injin da aka sauko masa da shi daga shago.

Da motocin Toyota zan yi bayanin, don su ne suka cika hanyoyinmu daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Agadas, kuma a kansu aka fi yin wannan aiki.

Toyota ya fito da Hiace, wato hayis, a 1967, Hilux kuma a 1968. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya fara sa musu injin dizal na dangi guda, wanda ake kira dangin L. Na farkon mai lita 2.2 ne. Bayansa aka yi 2L mai lita 2.4, sai 3L mai lita 2.8, sai 5L mai lita 3.0. A lura, lambar da ke cikin sunan ba girman injin take nunawa ba. 3L bai kai lita uku ba, 5L ne ya kai. Dukkansu silinda huɗu ne a jere, gangar jiki da kai duk na zubin ƙarfe, kuma bel ne ke juya taimin ɗinsu. Motar da ta fito daga masana'anta da irin wannan inji ana gane ta daga lambar da ke kan farantin jikinta: ta Hilux tana farawa da LN ko LAN, ta hayis kuma da LH. Wannan faranti shi ne abu na farko da ya kamata mai mota ya duba kafin ya nufi kasuwa, domin shi zai gaya masa ko aikin 'yan kwanaki ne a gabansa ko na watanni.

Gangar jiki ɗaya, kaya daban

Gaskiyar da ke cikin maganar dillali ita ce, 3L na hayis da 3L na Hilux fistin ɗinsu ɗaya, ringi ɗaya, faɗin silinda ɗaya. Kamar tagwaye suke da tela ya auna kowanne ya ɗinka masa kayansa. Bambancin yana cikin abubuwan da aka ɗaura wa gangar injin daga waje, kuma waɗannan abubuwa jikin mota aka yi wa su.

A cikin hayis, injin yana ƙarƙashin kujerar direba da ta mai zaman gaba, sai an ɗaga kujera ake ganinsa. Wurin matsattse ne, ba tsawo sama. Saboda haka aka lanƙwasa bututun shigar iska yadda zai shige ƙarƙashin kujera, aka karkatar da bakin salansa, aka sa sandar awon baƙin mai da mazubinsa inda hannun direba zai kai. A Hilux kuwa injin yana gaba cikin bonet, sarari ya wadata ta sama, amma ta ƙasa akwai sandunan sitiyari, in kuma mai ja da ƙafa huɗu ce, ga aksul ɗin gaba kwance daidai ƙarƙashin injin. Ba Toyota kaɗai ke da wannan ba. A Amurka, injin dizal mai lita 6.5 na kamfanin GM, in na bas ne turbo ɗinsa a tsakiya yake ta baya, in na a-kori-kura ne a gefe yake, kuma masu sauya shi can irin wannan wahalar suke sha.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Kaskon yana da zurfi ta gefe ɗaya, inda mai ke taruwa, kuma an zaɓi gefen ne don ya kauce wa abin da ke ƙarƙashinsa a wannan motar. In aka bar kaskon hayis a Hilux mai ƙafa huɗu, yana iya zama daidai saman aksul. A gareji, mota a tsaye, sai ka ga akwai 'yar rata. Ranar da aka yi mata lodin buhunan masara ta faɗa rami, sifirin ya lotsa, aksul ya ɗago ya doki kaskon. Mai ya tsiyaye a hanya, kafin direba ya ankara da jar fitilar da ta kama, inji ya tafi.

Kaskon kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba. A cikinsa akwai bututun da ke tsotso mai ya miƙa wa famfo, kuma tsawonsa da lanƙwasarsa an yi su daidai zurfin wannan kasko. Haka ma sandar awo. Su uku ne, tare ake sauya su. Wanda ya sa kaskon Hilux ya bar sandar hayis, za ta riƙa nuna masa mai ya cika alhali da saura, ko ta nuna da saura ya yi ta ƙarawa har ya wuce kima. Akwai masu kai kaskon wurin mai walda a yanke a sake masa siffa. Ina ganin wannan dabara ce ta wanda ya rasa yadda zai yi. Yankan na rage yawan man da injin ke ɗauka, kuma in bakin bututun ya yi nisa da gindin kasko, a hawa ko gangare sai ya zuƙi iska maimakon mai.

Daga nan ne shawara mafi tsada a wannan aiki ta fito, kuma ba ta cin ko sisi: kada ka rabu da tsohon injinka sai sabon ya tashi ya yi tafiya. Dillalai kan ce ka kawo wanda ya buga a rage maka wani abu. Ragin ba ya kai darajar abin da ke jikinsa. Ko fistin ya fasa gangar, kaskonsa na nan, bututun tsotson mai na nan, ga ƙarafan da ke ɗaure inji a kan shasi, ga bututun iska da na hayaƙi, ga mahaɗar tiyon lagireto, ga mazaunin filtar mai, ga fanka. Makanike mai hankali zai ajiye injinan biyu gefe da gefe a ƙasa, ya tuɓe na hayis har sai gangar jiki da kai da famfon injekta sun rage, sannan ya mayar masa da kayan Hilux ɗaya bayan ɗaya, bayan an wanke su tas daga ɓarɓashin ƙarfen da injin da ya buga ya bari. Wanda ya sayar da tsohon tun farko, waɗannan kayan zai koma yana bi shago-shago yana saye da tsada.

Akwai ƙaramin abu da ake yawan mantawa. Da yawa daga cikin hayis ɗin da ake yankawa a Japan masu giyar otomatik ne. Injinsu ba ya zuwa da faifai mai nauyin da kuloci ke kamawa, faranti ne siriri a wurin, kuma ba shi da 'yar boris ɗin da ke tsakiya ta baya, wadda kan sandar giya ke shiga ciki. In aka sa faifan aka manta boris, mota za ta tashi lafiya, bayan 'yan makonni giya ta fara kuka tana ƙin shiga, sai an sake sauke ta.

Tunda injin na ƙasa, a sa masa sabon bel na taimin da boris ɗinsa, da famfon ruwa, da robobin da ke hana mai yoyo gaba da baya. Toyota ya ƙayyade a sauya bel ɗin waɗannan injina duk kilomita 100,000, kuma babu wanda zai iya gaya maka nawa na jikin injin tokumbo ya ci. In ya tsinke ana tafiya, fistin da bawul karo suke yi.

In Hilux ɗinka an haife ta da 2L ko 3L, ka samu 3L ko 5L na hayis mai famfon injekta irin na da, to kusan iyakar aikin ke nan. Giyarka za ta kama, wayoyinka za su yi aiki, tankinka ba ya buƙatar komai. Wannan sauyin ina goyon bayansa ba tare da wani ɗar ba.

Harafin E da abin da ya biyo bayansa

Al'amari yana fara sauyawa idan aka ga harafin E a ƙarshen sunan, kamar 5L-E, wanda ke cikin da yawa daga hayis ɗin da aka fara yi a 2004, waɗanda muke kira Hummer. Famfon injekta na 3L da 5L na asali waya ɗaya tak yake buƙata, wadda ke buɗe hanyar mai in an murɗa makulli, sai igiyar totur. Na 5L-E kuwa kwamfuta ce ke gaya masa yawan man da zai tura da lokacin turawa. Babu kwamfutar, babu wayoyinta, babu na'urorin da ke gaya mata zafin ruwa da juyin inji da yadda direba ya taka totur, injin ba zai ko yi tari ba.

Hanya biyu ce. Ko a sayo injin da kwamfutarsa da damin wayoyinsa ba a yanke ba, daga mota guda, a samu riwaya wanda ya iya karanta zanen wayoyi. Ko kuma a cire famfon mai kwamfuta a sa irin na da. Ta biyun ce aka fi bi a garejojinmu, kuma ga motar da ke aikin ƙauye ban ga laifinta ba, muddin an kai famfon wurin masu injin gwaji an saita shi daidai girman wannan inji. Famfon 2L ko 3L da aka ɗaura haka nan, aka yi ta murɗa sukurin mai da kunne har sai mota ta ja, shi ne ke kawo baƙin hayaƙin nan da zafin da ke cin kan inji.

Sababbin kuwa, wato 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0, waɗanda ake rubuta wa D-4D, wata duniya ce. Suna da turbo, suna da ƙarfi sosai fiye da dangin L, amma man yana taruwa ne a bututu guda da matsin da ya ninka na tsofaffin sau da yawa, kuma kowane nozul kwamfuta ke buɗe shi. Babu famfon da za ka ɗaura ka tsallake kwamfutar. Da yawansu ma ba sa tashi sai kwamfutar ta gane makullin da aka haɗa ta da shi. Wanda zai sa irin wannan, ya sayi rabin motar da aka yanko ta gaba gaba ɗaya, da makulli da allon mitoci da komai. Ya kuma sani cewa nozul ɗinsu ba ya yafe ruwa a cikin mai ko dizal ɗin da aka gauraya da kalanzir. In a jarka kake sayen mai a bakin hanya, tsohon 5L ya fi maka kwanciyar hankali.

Idan motar ta fetur ce

Nan ne mutane suka fi ƙonewa. Yawancin Hilux ɗin da ma'aikatu da kamfanoni ke gwanjonsu a Najeriya masu fetur ne, da injin lita 2.7, ko 3RZ a tsofaffi ko 2TR a na baya-bayan nan. Mai irin wannan mota in ya ce zai sa injin dizal na hayis, ba shi da tsohon injin da zai tuɓe wa kaya. Duk abin da na lissafa a sama sai ya nemo shi daga Hilux mai dizal da aka yanka. Kuma wannan somin taɓi ne.

Zan fara da birki, don shi ne maganar rai. A injin fetur, in direba ya ɗaga ƙafa daga totur, maƙogwaron iska yana rufewa, injin ya riƙa zuƙa a rufe. Da wannan zuƙar ce gangar nan da ke bayan fedar birki ke taimakon ƙafar direba. Injin dizal ba a shaƙe masa iska haka, mai kawai ake ƙara masa ko a rage. Shi ya sa a dangin L aka manna wani ƙaramin famfon zuƙar iska a bayan altaneta, da tiyo biyu na baƙin mai, ɗaya na kai masa, ɗaya na mayarwa. Injinan da ke zube a shago sau da yawa an riga an cire musu altaneta an sayar daban. In aka ɗaura ta fetur don a rage kuɗi, batir zai yi caji, amma birki zai zama dutse. In kuma famfon ya gaji, takun farko zai kama, na biyu ya ɗan yi tauri, na uku ƙafa ta kasa. Ka ɗauko mota cike da lodi a gangaren Hawan Kibo ka ga abin da wannan ke nufi. Duk makaniken da ya ce maka “za ta saba” ko “ka riƙa takawa da ƙarfi”, ka ɗauke motarka daga wurinsa.

Sai tanki. Famfon injekta da dizal ɗin da ke ratsa shi yake samun santsi, fetur kuwa wanke santsin yake yi. Dole a sauke tankin a wanke. Famfon lantarkin da ke cikinsa a cire shi, don famfon injekta irin na da da kansa yake janyo mai. A sa filtar dizal mai tare ruwa a gindinta, mai ɗan famfon hannu a ka, wanda ake dannawa a kori iska in mai ya ƙare a hanya. A tabbatar da bututun da ke mayar da ragowar mai tanki. Sannan a rubuta a murfin tankin da manyan baƙaƙe cewa dizal take sha, don ma'aikacin gidan mai da ya saba ganin irin motar ba zai tsaya tambaya ba.

Giya ma ba ta kamawa kai tsaye. Ƙoƙon da ke haɗa ta da bayan inji ramukan notinsa daban ne tsakanin na fetur da na dizal. Wani lokaci sauya ƙoƙon da kuloci ya isa, wani lokaci sai an sayi giyar gaba ɗaya, daga nan kuma a shiga maganar tsawon farfela da mazaunin giya. Giyar hayis ɗin kanta ba mafita ba ce, domin ta hanyar sanduna ko igiyoyi ake sarrafa ta daga nesa, kuma babu abin raba ƙarfi zuwa ƙafafun gaba a jikin mai ja da baya kawai. Ga kuma haƙoran aksul. Injin fetur yana wuce juyi 5,000 a minti cikin sauƙi, 5L kuwa a wajen 4,000 ƙarfinsa ya ƙare. Haƙoran da suka dace da wancan suna iya sa wannan ya riƙa ihu a kan titin Kaduna zuwa Abuja, ko ya riƙa nishi wajen tashi da lodi. In za a sauya su a mota mai ƙafa huɗu, gaba da baya sai sun zama iri ɗaya.

Ɓangaren lantarki shi ma da aikinsa. Injinan dangin L suna matse iska wajen ninki 22, saboda haka suna son batir babba da wayoyi masu kauri. Suna kuma buƙatar hita a kowace silinda, wadda ke ɗumama wurin kafin a tayar. A zafin Afrilu mutum zai ɗauka ba ta da amfani. Safiyar hunturu a Jos ko Zariya za ta tuna masa. Hitocin ba ƙarfin wuta ɗaya suke ɗauka ba, wasu an yi su ne don na'urar da ke rage musu wuta bayan 'yan daƙiƙoƙi, in aka haɗa su kai tsaye da batir ta maɓalli sai su ƙone. A Hilux ɗin da aka yi daga 2005 zuwa sama kuwa, allon mitoci da na'urar sanyaya mota suna karɓar saƙo daga kwamfutar injin fetur. Cire ta na iya barin allurar zafi a kwance, wato direba na tafiya bai san halin da injinsa ke ciki ba. Ko ba komai a sa mitar zafi ta daban.

Zafi kuwa shi ne ajalin waɗannan injina. A nemi lagireton Hilux mai dizal da murfin da ke kewaye fanka, don ba tare da murfin ba fanka iskar gefe take ja. Kada a cire bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, al'adar da ta zama ruwan dare a wurinmu. Masu turbo na da, 2L-T da 1KZ, sun yi suna wajen tsagewar kai in suka tafasa, kuma a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da wannan dalilin ne ma ba na son a ɗora wa 3L ko 5L turbo da ba su zo da shi ba. Ƙari a kan haka, injin zubin ƙarfe ya fi nauyi, gaban mota zai ɗan sunkuya in ba a duba sifirin ba.

To bayan duk wannan, me mutum ya samu? Mutane da yawa sun ɗauka dizal ya fi fetur ƙarfi ko da wane iri ne. A wannan haɗin ba haka ba ne. Injin 2TR yana ba da ƙarfin doki wajen 160, ƙarfin murɗawarsa kuma wajen 240 a ma'aunin da ake kira Nm. Shi kuwa 5L dokinsa tsakanin 90 da 105 yake, gwargwadon ƙasar da aka yi wa shi, murɗawarsa ba ta wuce wajen 200 ba. Abin da ke sa a ji kamar ya fi ja shi ne yana ba da ƙarfinsa tun injin na juyi a hankali, wajen juyi 2,400 a minti, don haka a cikin yashi ko laka ko hanyar gona yana tafiya ba tare da an ƙona kuloci ba. A kan kwalta, wajen wuce tirela, direban da ya saba da fetur zai ji an rage masa mota sosai.

Lissafin mai

Abin da ke tura yawancin mutane ga wannan aiki shi ne kuɗin mai. Gaskiya ne dizal ya fi auki. A ɗauka, don misali kawai, motarka tana shan lita 12 ta fetur a kilomita 100, da dizal kuma za ta sha 9. Ke nan sai farashin dizal ya ɗara na fetur da kashi ɗaya cikin uku kafin ribar ta ɓace. Amma gwamnatin Najeriya ta daɗe da cire hannunta daga farashin dizal. A 2022 lita ta haura naira 700 lokacin da fetur bai kai 200 ba a farashin hukuma, kuma duk wanda ya sauya injinsa kafin wannan shekara ya ji a jikinsa. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ratar ta ragu ƙwarai, sai maganar komawa dizal ta sake tasowa. Farashin da ke iya juyewa haka cikin shekara guda bai isa a gina aikin miliyoyi a kansa ba, sai an raba kuɗin aikin da abin da ake ragewa a kowace tafiya an ga shekara nawa zai ɗauka kafin ya dawo. Motar da ke zirga-zirgar cikin gari ba za ta taɓa mayar da shi ba.

Akwai kuma ƙofar da mutum ke rufe wa kansa. Injin fetur ana mayar da shi mai amfani da iskar gas ta CNG cikin sauƙi, tunda yana da fulogi, kuma tun 2023 gwamnati ke tura mutane wannan hanya. Injin dizal ba ya karɓar wannan sauyi da arha. Ga mai zama kusa da inda ake sayar da iskar, wannan ya cancanci a auna shi kafin a sauke injin fetur mai lafiya.

Wanda nake ganin sauyin zai yi wa rana shi ne mai aikin daji da gona, wanda motarsa ke yini tana jan kaya a hanyar da ba a gudu, yana da tarakta ko janareta da ke shan mai iri ɗaya, kuma yana son injin da makaniken ƙauye zai gyara da sufana ba sai an nemo na'urar bincike daga birni ba. Shi ma in zai iya sayar da mai fetur ɗin ya cika kuɗi ya sayi wadda aka haifa da dizal, ya fi masa. Motar da aka sauya wa jinsin inji darajarta faɗuwa take yi a kasuwa, don mai saye bai san hannun da ya yi aikin ba.

Kafin a biya kuɗi

Injin hayis iri biyu ne a kasuwa, kuma da fenti da wanki ana iya mayar da ɗaya kamar ɗayan. Akwai wanda aka shigo da shi daga Japan ko Turai ko Sharja, akwai kuma wanda aka ciro daga motar haya da ta yi shekaru tana Kano zuwa Kaduna da fasinja har bakin ƙofa. Ka je da makanikenka, kada ka dogara da na shagon. A karanta sunan injin a jikin gangar, inda aka buga shi tare da lambarsa, don 3L da 5L kama suke yi a ido. A tayar da shi a ƙasa yana sanyi, a ga daƙiƙa nawa zai ɗauka. A buɗe murfin baƙin mai yana aiki: in hayaƙi na bugowa da ƙarfi, ringi ya tafi. In an samu ma'aunin matsi, littafin Toyota ya ce lafiyayyen inji yana ba da kilo 32 a kan kowane murabba'in santimita, 20 ne ƙarshen abin da za a lamunta, kuma kada bambancin silinda da 'yar'uwarta ya wuce 5. Baƙin mai da ya koma kalar madara alamar ruwa ne ya shiga. A yi yarjejeniya a rubuce kan kwanakin da za a iya mayar da shi in ya nuna matsala, a kuma ƙirga kwanakin daga ranar da aka ɗaura, ba ranar saye ba.

Rasit ɗin ya ɗauki lambar injin da sunan shagon. Da shi za a je ofishin rajistar motoci a gyara takardu, a kuma sanar da kamfanin inshora, musamman in daga fetur aka koma dizal. Mai tsallaka iyaka zuwa Nijar ko Kamaru ko Chadi ya fi kowa buƙatar wannan, domin lambar inji da ta saɓa wa takarda tana iya sa a riƙe mota a shingen kwastan, kuma injin da ba a san asalinsa ba yana iya zama na motar sata.

Ranar karɓar mota, kada a tsaya a zagayen unguwa. A yi mata lodi irin wanda za ta riƙa ɗauka, a hau da ita tudu ana kallon allurar zafi, a taka birki sau biyar a jere a wuri marar jama'a a ji ko tauri yake ƙarawa. Bayan an dawo a leƙa ƙarƙashi da tocila, a duba ratar da ke tsakanin kasko da aksul da sandar sitiyari, lodin na kai. In rabin kuɗin aikin makanike na hannunka har zuwa wannan gwaji, duk gyaran da ya rage za a yi shi a ranar.